Kwali ake sayar mana, ba birki ba

Wallahi abin da ake yi wa masu mota a shagunan kayan gyara, daga Ngaundere har Kusiri, ya isa haka. Mutum ya shiga neman falaket na birki, wato ƙarfen nan mai fata a fuska da ke matse diski (faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya) ya tsayar da mota, abin da ransa da na iyalinsa ke rataye a kai, sai mai shago ya jera masa kwali uku a kan kanta ya ce: "Alhaji, ga na ɗaya, ga na biyu, ga na talaka. Wanne za a ba ka?" Ba ya tambayar shekarar motar, ba ya tambayar daga wace ƙasa ta shigo. Ya ji an ce Corolla, shi ke nan ya gama bincike. In ka ce anya wannan zai yi, sai ya ɗora sabon a kan tsohon ya ce, "Ka gani? Daidai suke, zai shiga." To ai wanda ya shiga ba lallai ya tsayar da mota ba!

Motocin da ke yawo a Garwa da Marwa da Njamena, wata daga Turai ta zo ta tashar Duwala, wata daga Dubai, wata ta biyo ta Najeriya. Suna ɗaya, shekara ɗaya, amma maƙalar birkin, wadda makanikai ke cewa etiriye, ba iri ɗaya ba ce. Bambancin milimita ɗaya ko biyu a kunnen falaket ya isa ya sa shi ƙwanƙwasa duk lokacin da aka taka birki, ko ya cije ya ƙi komawa. Maganin yana cikin aljihun mai motar: lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke rubuce a kat giriz, wato takardar rajistar mota. Da ita ake gano ainihin lambar falaket ɗin. Amma shago nawa ne ke buɗe littafi ya duba? Abin da aka saba shi ne, in ya ƙi shiga, yaron garaji ya kai shi ga injin wasa ƙarfe ya rage kunnen. Falaket ɗin da sai an goge shi kafin ya zauna ba na motarka ba ne, ka mayar wa mai shi.

Na biyu, jabu. Sunayen manyan kamfanoni irin su Bosch da Ferodo da TRW da Akebono, masu yin jabu sun daɗe da koyon buga su a kwali, har kwalin jabun ya fi na gaskiyar ƙyalli. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, wato a tattara tsofaffin ƙarafan bayan falaket daga bola, a kankare, a manna musu wani baƙin abu da gam, a fesa fenti, a sa a leda. Gam ɗin da ba a gasa shi da zafi da matsi na masana'anta ba, me zai riƙe? Ranar da zafi ya kai masa, fatar ta ɓalle gaba ɗaya, ƙarfe ya hau kan diski.

Duk direban da ya san gangaren dutsen nan na hanyar Ngaundere zuwa Garwa, wajen Mbe, ya san inda ake gane falaket. Birki motsi yake mayarwa zafi. A doguwar gangara, da kaya a but, da mutum biyar a ciki, a watan Maris ko Afrilu da zafin iska kansa ya wuce digiri 40, fuskar falaket tana haura digiri ɗaruruwa. Falaket mai arha, ƙaron da ya haɗa garin fatarsa sai ya fara ƙonewa, fuskar ta yi santsi kamar gilashi, wari ya tashi. Fedal yana nan da tauri, kana takawa da dukkan ƙarfinka, mota tana ta tafiyarta. In kuwa fedal ne ya yi laushi ya nutse ƙasa, to man birki ne ya tafasa, kuma nan ma akwai sakaci. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230, amma man birki yana shan danshin iska, in ya tsufa sai zafin da ke tafasa shi ya sauko wajen 140 da 155. Shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. A nan kuwa sai dai a yi ta ciko har motar ta mutu. (A gangara dai a sa giya ta biyu ko ta uku inji ya riƙe motar, ko da falaket ɗin zinariya aka ɗaura.)

Tunda mai shago ba zai duba maka ba, fito da falaket ɗin daga kwali ka duba da kanka. A bayan ƙarfen ya kamata a ga sunan kamfani da lambar kaya a buge sarai, su yi daidai da na jikin kwali. Wanda aka yi wa gwajin ƙa'idar Turai yana ɗauke da harafin E da lambar da ta fara da 90R, ma'ana ƙarfin kamunsa bai kauce wa na asalin motar da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba. Wasu kuma za ka ga harufa biyu kamar FF ko GG: na farko kamunsa ne a sanyi, na biyu a zafi, kuma G ya fi F kamu, F ya fi E. In ka ga FE, to yana raguwa in ya ɗau zafi. Ɓarayin ma suna iya buga waɗannan alamun, saboda haka sai ka ƙara da ido da hannu. Kalli inda fatar ta haɗu da ƙarfe, kada a ga tsaga ko gam ya tsattsafo. Kankara gefen da farce, in yana marmashewa ajiye shi. Jera guda huɗun, kaurinsu ya zo ɗaya. In fenti ya rufe tsatsa ko ramukan tsufa a bayan ƙarfen, tsohon ƙarfe ne aka yi wa wanka.

Maganar "seramik" da suke ta ɗaga murya a kai don a ƙara farashi, a bi ta a hankali. Seramik ba ya yawan kuka, ba ya baƙanta ƙafar mota, ya dace da ƙaramar mota a cikin gari. Motar da ke ɗaukar kaya, ko tasi, ko mai bin doguwar hanya, wanda aka cakuɗa da ƙarfe ya fi mata jure zafi, ko da yake ya fi cin diski kuma yakan yi ɗan kuka. Falaket na okaziyon kuwa, wanda aka ciro daga motar da ta mutu a Beljik, ba abin saye ba ne ko an ce "saura rabi".

Sai aikin garaji, inda ake ƙarasa ɓata abin. Sabon falaket fatarsa tana kai milimita 10 zuwa 12, in ta sauko 3 lokacin canji ya yi, ba sai ƙarfe ya fara kuka ba. Ana canza na dama da na hagu tare. Wanda ya ce maka "gefe ɗaya ne ya cinye, maigida, a canza shi kaɗai" ya faɗa maka cutar bai sani ba: gefe ɗaya ba ya cinyewa banza, ko sandunan da etiriye ke zamewa a kai sun bushe, ko fistan ya cije. Ƙurar hunturu da lakar damina suna shiga ta yagaggiyar roba su daskare a ciki. Dole a zare sandunan a wanke, a shafa musu giris na birki, don giris na gama-gari yana kumbura robar. Ka sa sabon falaket ba a yi wannan ba, wata biyu ka dawo.

Diski ma ba a auna shi. A gefensa an rubuta MIN TH da wata lamba, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. Wa ke karantawa? Diskin da ya yi kwari-kwari ko ya yi baki a gefe, sabon falaket ba zai kwanta a kansa ba, kashi kaɗan na fuskar ne zai riƙa taɓawa. Ga masu barin etiriye yana lilo a jikin tiyo maimakon su rataye shi da waya. Ga masu hura ƙurar birki da iskar kwamfureso a fuskar yaran garaji, alhali ba wanda ya san abin da aka zuba a falaket mara suna, kuma an san wasu na ɗauke da asbestos mai lalata huhu. Ga masu hawa kan sifana da ƙafa suna ɗaure notin taya, bayan na ƙananan Toyota irin Corolla awonsa 103 Nm ne (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), kuma ɗaurin da ya wuce kima ko ya zo ba daidai ba yana sa diski ya karkace, sitiyari ya riƙa rawa in an taka birki.

In an gama, kafin mota ta motsa, a taka fedal sau da yawa har ya yi tauri, don fistan an tura shi ciki kuma takun farko fanko ne. Daga nan a nemi hanya mara cunkoso, a kai gudun kilomita 50 ko 60, a rage zuwa 10 da matsakaicin taku, kamar sau 8 zuwa 10, ba tare da tsayawa cak da ƙafa a kan birki ba, sannan a ɗan yi tafiya ya huce. Kilomita 200 na farko a guji taku mai tsanani sai dole. Wannan gwajin taka birkin aikin minti goma ne, amma makaniki sai ya miƙo maka makulli ya ce "an gama, Alhaji", kai kuma washegari da asuba ka loda iyali ka kama hanyar Garwa.