Harafin Lalaci a Rubutun Sinanci Ba Zanen Malalaci Ba Ne

Mutane da dama sun ɗauka kowane harafin Sinanci hoto ne, har wasu na cewa 懶, wanda ake karantawa "lan" kuma yake nufin lalaci, zanen mutum ne a kwance. Ba haka ba ne.

Harafin kashi biyu ne. Na hagu, 忄, alamar zuciya ce, mai nuna abin ya shafi hali. Na dama, 賴, ana karanta shi "lai", aikinsa nuna yadda za a furta kalmar. Da yake 賴 idan ya tsaya shi kaɗai yana nufin dogaro, wasu kan fassara harafin da "zuciyar da ta jingina ga wasu". Labari ne mai daɗi, amma daga baya aka ƙirƙiro shi. Mafi yawan haruffan Sinanci haka suke, ɓangare ɗaya ma'ana, ɗaya sauti.

Wani abin mamaki, a ƙamus ɗin Shuowen Jiezi da wani masanin ƙasar Sin, Xu Shen, ya kammala wajen shekara ta 100 miladiyya, alamar mace ce a hagu: 嬾. Daga baya ta zuciya ta rinjaya. A ƙasar Sin yanzu an sauƙaƙe shi zuwa 懒.