Ku Je Ku Koyi Tuwon Kaka Tun Tana Da Rai

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, maza da mata.

Duk inda hirar yarinta ta tashi, ba a jimawa sai ta faɗa gidan kaka. Wannan ya tuno ɗumamen safe da man shanu, wancan ya tuno ƙanzon da ake ɓoye masa ƙarƙashin faifai, wata ta ce har yau ba ta ƙara shan fura irin ta Hajiyarsu ba. A yi ta "Allah sarki", a watse. To a cikin masu wannan begen, mutum nawa ne suka iya tuƙa tuwon da suke yabo? Wanda kakarsa ta rasu, sai addu'a, Allah Ya jiƙanta. Amma da yawanmu tsofaffinmu na nan da ransu, wasu a ƙauye, wasu ma unguwa biyu ce tsakaninmu da su, kuma rabonmu da su tun gaisuwar Sallah. Da ku nake.

Abin da ke hannun tsohuwar nan ba a rubuce yake ba. Ba ta auna gari da kofi, ba ta duba agogo. Hannunta ne ma'auni, hancinta ne ke gaya mata miya ta nuna. Don haka tambaya ta waya ba za ta fisshe ku ba. Za ta ce muku "ka zuba daidai misali", shi ke nan. Sai an je an zauna kusa da murhu. Ku tafi da gwangwanin madara wanda babu komai a ciki da cokali babba. Duk abin da ta ɗebo da hannu, kafin ya shiga tukunya ku tare shi ku auna, ku rubuta. Idan za ku ɗauki murya ko bidiyo, ku nemi izininta, kuma kada ya fita daga cikin dangi sai da yardarta. Aikin ƙarfi kuwa naku ne: ku za ku riƙe muciya da taɓarya, ita ta zauna kan kujera tana gyara muku. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da baya ba a zuwa a sa ta girki da sunan marmari.

Ku fara da tuwon dawa, don a nan ne ake yawan jin kunya. Ana surfa dawar, a sheƙe dusa, a wanke, a shanya ta bushe, a kai niƙa, a tankaɗe. Idan aka kai ta inji da danshi, garin zai dunƙule ya yi saurin tsami. Ga ruwa kamar lita 2, gari gwangwani 5 zai kusa isa, ko da yake sabuwar dawa da tsohuwa ba sa shan ruwa iri ɗaya. Gwangwani ɗaya za a dama da ruwan sanyi a zuba cikin tafasasshen ruwa ana motsawa, wannan shi ne talge. Wasu gidajen suna ɗiga ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa a nan. Idan ta yi yawa tuwon zai yi duhu ya riƙa bauri. A bar talgen ya dahu sosai, kamar minti 15, sai ya yi kauri yana ɓulɓulowa. Mai gaggawar da ta zuba gari kan ɗanyen talge, tuwonta zai yi warin gari, kuma ko ta kwana tana tuƙi ba zai gyaru ba. Sauran garin kaɗan-kaɗan ake barbaɗa shi ana tuƙawa, ana matse shi a jikin tukunya. Wanda ya juye shi gaba ɗaya ya gayyato gudaji. Idan ya haɗe, a yayyafa ruwa kaɗan, a rufe, a rage wuta ya sulala minti 10, a sake tuƙawa, sannan a kwashe da mara. Tuwon da ya sulala shi ne ke kwana lafiya ya zama ɗumame. Wanda bai sulala ba, da safe za a tarar ya saki ruwa.

Miyar kuka kuma asirinta yana cikin ruwan miyar, tun kafin kuka ta shiga. Daddawa, barkono, citta, masoro da albasa ake dakawa tare, a zuba a ruwa da ƙashi ko busasshen kifi, a bar su su tafasa har ƙarfin warin daddawar ya kwanta. Matasa da yawa suna jefa dunƙulen sinadari huɗu ko biyar su tsallake wannan dahuwar, sannan su yi mamakin yadda miyar ba ta yi irin ta gida ba. A ruwa lita 1, kuka cokali 3 zuwa 4 ta isa. A rage wuta, hannu ɗaya na barbaɗawa, ɗayan na kaɗawa da maburgi ba tsayawa. Bayan an kaɗa, mintuna kaɗan take buƙata, kuma ba a rufe ta ruf, don za ta taso ta zube. Ku lura da irin kukar da tsohuwa ke zaɓa a kasuwa: mai kore shar, wadda aka shanya a inuwa. Wadda rana ta dafa ta koma ruwan ƙasa ba ta da yauƙi. Man shanu kuwa sai an soya shi da albasa a wuta kaɗan har ruwan jikinsa ya ƙone, shi ya sa nata ke wata da watanni a kwalba bai canza ba.

Wadda na fi jin tsoron ɓacewarta ita ce daddawa. Kusan kowa saye yake yi yanzu, masu yin ta kuma tsofaffi ne. Idan kakarku na cikin masu iyawa, ku ware mata kwana huɗu, domin aikin ba na yini ɗaya ba ne. Kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, ana dafa ta kusan yini guda ana ƙara ruwa har ɓawon ya yi laushi. A zuba a turmi a sussuke, a wanke a tace ɓawon ya fita tas. A sake dafa ƙwayar da 'yar kanwa, a tsane, a zuba a kwando tun da zafinta, a lulluɓe da ganye da buhu a ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. Idan iska ta shiga ko ta huce kafin a rufe, ba za ta ruƙa ba, sai ta bushe ƙwaya-ƙwaya. Idan ruwa bai tsane ba, ruɓewa za ta yi. Ranar buɗewa ku sa hanci ku kuma taɓa da hannu, ku ji yauƙin da ake nema, don wannan ba ya shiga littafi. Daga nan sai kirɓi, a fasalta ta faifai-faifai a shanya. Ku tambaye ta har da daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa.

Fura ba ta da wuya haka. Gero surfaffe a niƙa da citta, kanumfari da ɗan barkono, a kwaɓa, a cura, a jefa a tafasasshen ruwa kamar rabin awa. A fasa guda ɗaya a duba cikinta. In akwai farin gari a tsakiya, da saura. Da zafinta ake kirɓawa, in ta huce ba ta haɗuwa.

Kada samari su ce wannan zancen mata ne. Wanda ya yi zaman makaranta ko ya tafi neman kuɗi Legas ko Fatakwal ya san darajar namijin da ya iya kaɗa miya. Kuma wajen kaka namiji akwai naku karatun: yadda ake gane dawar da za ta jure ajiya a rumbu, gonar gado daga ina ta fara ina ta tsaya, wane ne ya haifi wane. Rigingimun gado da yawa sun samo asali ne daga ranar da aka binne wanda ya san iyaka ba tare da kowa ya tambaye shi ba.

Ku kuma da Allah Ya ba 'ya'ya, ina roƙonku ku duba yadda kuke raba hutun yara. Kai su gidan zoo ko kallon hawan Daushe abu ne mai kyau, amma awa biyu a gidan kaka ranar Sallah, yara na sanye da sababbin kaya ana hana su zama a ƙasa, ba ziyara ba ce. Ku bar su su kwana. Lokacin girbi ya fi, ga ɗanyar gyaɗa, ga masara a gasa, hanya kuma ta bushe. Ku tafi da gidan sauro da tsaftataccen ruwan sha saboda ƙananan, ku karɓe wayoyin hannunsu da magariba. Da dare ne tsohuwa ke cewa "ga ta nan ga ta nanku", kuma yaron da idonsa ke kan waya ba zai amsa "ta zo mu ji ta" ba. Idan ta kira ɗanku "maigidana" ta ce bai kawo cefane ba, ko ta kira 'yarku "kishiya", kada ku tsawata wa yaro don ya rama. Wasan jika da kaka ke nan, ta nan shaƙuwa ke shiga. Abin da za ku koya musu shi ne durƙusawa wajen gaisuwa da karɓar abu da hannu biyu.

Tsaraba ma a yi ta da tunani. Tsohon da ke fama da ciwon suga ko hawan jini ba katan ɗin lemon kwalba yake buƙata ba. Ku duba maganinsa ko ya kusa ƙarewa, ku kai sabulu, man zafi, tocila, bargo in sanyi ya gabato, da hatsin da za a ci a zaman da za ku yi, kada ku zame wa gidan nauyi. Allah Ya yi umarni a Suratul Isra'i, aya ta 23, cewa idan iyaye suka tsufa a wurinka kada ka ce musu ko da "tir", kuma malamai sun sanya kakanni cikin wannan haƙƙi. Tsohuwa za ta maimaita labari ɗaya sau uku, za ta kushe riƙon muciyarki a gaban ƙannenki. Ki yi haƙuri ki ce "to Hajiya, nuna mini".

In kun dawo gida, kada makon ya fita ba ku gwada abin da kuka koyo ba, tun hannu bai manta ba. Ku tuƙa, ku kaɗa miyar, ku zuba a kwano ku kai mata ko ku aika in tana kusa. Loma ɗaya za ta yi ta gaya muku ko talgen ne bai nuna ba ko kanwa ce ta zarce, sai ku gyara a rubutunku, ku sa ranar komawa don koyon dambu da ɗanwake.