Daƙiƙa 41 a sama, awa uku a ƙofar gidan mai unguwa

Sana'ata koyar da tuƙin mota, shekara 17 ke nan. Babu shataletalen da ban zagaya da ɗalibi yana karkarwa ba a garin Bauchi, daga na Wunti har na Gidan Mai. Na koya wa hajiyoyi, na koya wa 'yan bautar ƙasa, na koya wa wani alhaji da ba ya tuna inda birki yake sai ya ji na yi salati. Na faɗi haka ne don ku san mutumin da abin nan ya faru da shi ba yaro ba ne, kuma ya fi kowa sanin amfanin birkin da ke ƙarƙashin ƙafar malami.

Ɗana Abba ne ya jawo mini. Wata Asabar ya dawo gida ƙafa fururu da ƙura, ya ce wasu mutane suna tayar da jirgin sama a wani fili ta hanyar Gubi. Na ce masa jiragen Bauchi a Durum suke sauka, ya daina yi wa ubansa ƙarya. Ya yi ta rantsuwa. Da Asabar ta zagayo na kai shi da kaina, niyyata in ga ko 'yan damfara ne.

Ashe ƙungiya ce sosai ta masu haɗa ƙananan jiragen da ake tuƙawa da rimot, har da ma'aji da littafi. In sun cika su goma sha ɗaya ne. Shugabansu tsohon malamin fiziks ne da ya yi ritaya, Kyaftin ake ce masa, ko da yake hawansa jirgi sau biyu ne a duniya, zuwa Hajji da dawowa. Akwai Injiniya, mai gyaran waya. Akwai ɗaliban ATBU biyu, wato Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, da wani tela, da mai shagon kayan lantarki wanda shi ke riƙe da asusu. Filin kuwa gonar wani dattijo ce, aro yake ba su daga an girbe dawa zuwa saukar ruwan fari. Da damina sai a koma zauren Kyaftin, ana liƙe-liƙe ana musu. Da sassafe suke haɗuwa, kafin iskar hunturu ta farka. Kuɗin wata da ake tarawa kusan duk a farfela yake ƙarewa, don farfela a wurinsu kamar ashana ce, kullum cikin ƙarewa take. Suna da doka guda da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: wanda jirginsa ya faɗi, shi zai sayi masar karin kumallo. Wani yaro ke kawo ta da zafinta daga wani gida da ke bayan filin. Ku riƙe zancen gidan nan.

Na ce Abba zan haɗa wa jirgi. Haka na faɗa a gida, haka na faɗa wa kaina.

Gangar jikin jirgin farin soson nan ne da ke zuwa cikin kwalin firij. Namu yana saman wadrob, Maman Abba ta adana shi shekara biyu saboda ranar da za mu tashi daga gidan haya. Na sauke shi ranar da ta tafi biki Dass. Sauran kayan duk na gida ne: tsinken tsire don ƙarfafa bindi, sifok ɗin keke ya zama ƙafafu, ƙyauro ke ɗaure fiffike da jiki. Abin da ake odarsa daga nesa shi ne moto, da ƙananan na'urorin da ke motsa gefen fiffike da bindi, da rimot da risibarsa, sai batiri mai gida uku, bolt 11.1, wanda in ka lallaɓa shi zai ba ka kamar minti goma a sama. Kuɗinsu ba zan faɗa ba, don Maman Abba tana karanta abin da nake rubutawa.

Daren farko na ɗauko sufa gulu na tsiyaya a fiffike. Ina kallo soson ya fara narkewa yana lotsawa kamar kitse a kasko. Da na kai wa Injiniya, ya jujjuya shi ya ce, "Malam, wa ya aike ka? Wannan gam ɗin cin soso yake yi. Na kyandir ake sawa." Muka yanka wani. Da muka ɗaura moto kuma sai ya riƙa hura iska gaba, jirgi yana neman tafiya da baya. Har na fara lissafin asara, Injiniya ya sauya wayoyi biyu cikin ukun, magana ta ƙare. Daga nan Kyaftin ya ɗora jirgin a kan yatsunsa biyu, ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakinsa na gaba. Bindi ya rinjaya ƙasa. Ya sa aka tura batiri gaba har hanci ya ɗan sunkuya, sannan ya ce to yanzu ya zama jirgi.

Sai aka zo kan koyo, inda shaiɗan ya samu ƙofa.

Tsarinsu shi ne sabon shiga ya yi mako biyu yana tuƙi a kwamfuta, inda ko ka faɗi sau ɗari ba ka sayi farfela ba. Bayan nan a haɗa rimot biyu, ɗaya a hannunka, ɗaya a hannun Kyaftin. Yana danne da wani maɓalli, muddin yana danne kai ke tuƙi, da ya ga ka rikice sai ya saki, jirgi ya koma hannunsa. Ina jin bayanin na gane abin. Birkin malami ne. Ni ne fa nake zama a wancan gefen, ƙafata a kan birki, ina cewa "a hankali, Hajiya". Yau a ce ni za a zaunar a kujerar ɗalibi, a gaban ɗana?

Na ce, "Kyaftin, da girmanka, wanda ya yi shekara 17 yana riƙe sitiyari ai ba a koya masa hagu da dama."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Malam, mota tana da gefen titi. A sama babu inda za ka faka ka yi tunani. Kuma in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarsa ita ce hagunka. Nan kowa ke faɗuwa."

Na ce ai ribas ke nan, kuma ribas ni nake koyar da shi.

Ranar da abin zai faru Kyaftin ya tafi ɗaurin aure, ya ce a jira shi. Tara ta wuce, iska ta fara kaɗa karan dawa. Yaran unguwa sun taru sun fi talatin. Ga ƙanin Maman Abba da ya biyo mu, mutumin da tun da na auri yayarsa yake mini kallon wanda bai iya komai ba. Ya ce, "Yaya, wai jirgin na tashi ne, ko na ado ne?" Injiniya ya ce in bari iska ta yi yawa. Ma'aji ya ce in bari. Na gyara hula na ce Abba ya riƙe jirgi ya fuskanci iska.

Na tura totur, Abba ya cilla, jirgi ya tashi.

Jama'a, ya tashi! Ya miƙe sama tiryan-tiryan, rana tana haska farin fiffikensa, yara suka ɗauki ihu. Na saci kallon surukina na ga bakinsa a buɗe. A 'yan daƙiƙun nan har na fara tunanin ashe Zariya ya kamata a kai ni tun ina yaro, makarantar koyon tuƙin jirgi, aka bar ni ina fama da kuloci. Da ya yi nisa ya fara zama kamar shirwa, sai na karkata shi ya juyo. Ya juyo lafiya lau. Ya fuskance ni.

Iska ta ɗan taɓa shi, fiffike ɗaya ya yi ƙasa. A idona ya karkata hagu, saboda haka na ba shi dama, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Ya ƙara karkata. Na ƙara ba shi dama. Injiniya yana ihu, "Ɗaya gefen! Ɗaya gefen!" Wane gefen? Ƙafata ta dama, wallahi, sai da ta taka ƙasa tana neman birki. Maimakon in rage totur sai babban yatsana ya tura shi har ƙarshe. Jirgi ya yo kaina yana kuka kamar zirnaƙo. Na kwanta rub da ciki a kan kututturen dawa, yara suka watse, ya wuce ta samanmu, ya yi wata irin wulƙitawa da har yau ɗaliban ATBU ke cewa ko Kyaftin bai iya ta ba, sannan iska ta kwashe shi ta yi bayan fili da shi. Muna kallo ya haura wata katangar ƙasa.

Muka ji tsulum. Aka ɗan yi shiru. Sai salati.

Gidan da nake cewa ku riƙe zancensa, shi ne. Iya mai masa ta jiƙa shinkafa tun jiya, an niƙo, ƙullu ya kwana ya tashi ya cika babbar roba, aikin suna aka ba ta. Ta ɗora tanda ke nan ta juya ɗauko mai, jirgina ya shiga robar da ka.

Gidan matan aure ne, ba mu da ikon wuce zaure. Muka tsaya muna ta sallama kamar masu neman aure. Kafin Iya ta fito labari ya riga ya zaga unguwa, kuma ya yi ƙiba a hanya: jirgin leƙen asiri ne, yana ɗaukar hoton matan mutane, an ma ga wuta tana fita daga idonsa. Da ta fito tana riƙe da shi ta bindi kamar mushen kaza, ƙullu na ɗiga, ko kallona ba ta yi ba. Ta ce sai gaban mai unguwa.

Mai unguwa ya sa aka shimfiɗa tabarma. Aka ajiye jirgi a tsakiya, aka sa wani yaro ya share ƙullu a nemo kyamara. Ya lalube hanci, ya leƙa ciki, ya zaro tsinke ya shinshina ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan na tsire ne." Wani saurayi mai bin labarai ya tuna wa jama'a cewa tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta ce ba a tayar da jirgi marar matuƙi sai da izini. Aka shiga musun ko soson firij ma yana cikin lissafi. Ana cikin haka Kyaftin ya iso da babbar rigar ɗaurin aure, fayil ɗin takardun ƙungiya a hammata. Ya kalle ni sau ɗaya. Da ma zagina ya yi.

Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan malantar ta motsa. Ya ce ranka ya daɗe, abin nan ilimi ne, yaranmu muke so su taso da shi. Ya ce 'yan'uwan nan biyu na Amurka, su Wright, tashinsu na farko a 1903 daƙiƙa 12 kacal ya yi. Ya ce a 1925 jiragen farko suka sauka a Kano, mutane suka yi ta mamaki, yau ga shi da jirgi ake zuwa Makka.

Mai unguwa ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "To Malam, su waɗannan da ka lissafa, a ƙullun wa suka sauka?"

Har an fara dariya, zance ya fara sanyi, sai Injiniya ya hango batiri. Ya bugu, ya kumbura kamar burodi. Irin wannan batirin in ya huje yana iya kamawa da wuta, gaskiyarsa ke nan. Amma cikin duk kalmomin Hausa, wadda Allah ya ba shi ita ce, "A ja baya, zai iya fashewa!"

Ban taɓa ganin taro ya watse da sauri haka ba. Surukina ya bar takalmi ɗaya. Mai unguwa, Allah ya ƙara masa lafiya, ashe akwai sauran ƙarfi a jikinsa. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba, Iya. Tana tsaye hannu a ƙugu har Injiniya ya binne batirin a bokitin yashi, ta ce in ya gama fashewar a zo a yi maganar shinkafarta.

Aka dawo aka yi lissafi: mudu shida na shinkafa, da yis, da suga, da kuɗin niƙa, sannan in je gidan suna da kaina in ba da haƙurin jinkiri. Na biya. Sai ma'aji ya matso ya raɗa mini cewa dokar ƙungiya tana nan, jirgina ya faɗi, masar karin kumallo a kaina take. Na ce a ina za a samo ta, tunda ga inda ƙullun ya ƙare? Iya ta ji. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Au, ku ne masu aiko yaro duk Asabar? Shi ya sa cinikin bai taɓa yankewa ba. Ashe kullum faɗowa kuke yi."

A littafin ƙungiya ma'aji ya rubuta sunana, a gabansa ya sa: tashi ɗaya, sauka babu, daƙiƙa 41. Ɗaya daga cikin ɗaliban ne ya ƙirga, daga bidiyon da ya ɗauka ban sani ba. Kyaftin ya ce in kwantar da hankalina, na ninka su Wright sau uku har da ɗori.

A gida Maman Abba ba ta ce komai ba, ƙaninta ya riga ni isowa da takalmi ɗaya. Ta kawo abinci, ta zuba mini ruwa, ta bari sai da na kai loma ta uku, sannan ta ce, "Baban Abba, in mun tashi ƙaura, a jirgin za mu sa firij ɗin?" Ragowar jirgin na rataye a zaure. Kwana biyu kiyashi suka yi layi suna cin ƙullun da ya maƙale a fiffike.

Ranar Litinin na koma aiki. Ɗalibata wata hajiya ce da ke mako na biyu, muna dosar shataletalen Wunti, Keke Napep ta ko'ina. Ta ce, "Malam, don Allah ka ɗauke ƙafarka daga birkin nan, ai na iya."

Na ce, "Hajiya, ba a gaggawa da koyo. Kowa da kika gani sai da aka riƙe masa."

Ta yi shiru har muka fita daga shataletalen, ta kunna sigina, ta faka a gefen titi tsaf. Sannan ta buɗe jaka ta ciro waya ta ce, "Malam, wai wannan mai kwanciya a gonar dawa, ba hularka ba ce?"