Kafin a yanka fulotai a gefen Kaduna, a fara shata fadama da burtali

Duk wanda ya bi ta Rigachikun ko ya tsallaka kogi zuwa yankin Millennium City zai ga gonakin masara sun koma fulotai, an kafa turakun siminti a kusurwoyinsu, an jibge bulo a kan kunyoyin da ko bajewa ba su gama yi ba. Babu mai cewa a hana Kaduna faɗaɗa. Garin da ya zama hedikwatar Arewa a 1917 ya daɗe da fin ƙarfin tsarin da Max Lock, Baturen Ingila masanin tsara birane, ya zana masa a 1967, kuma tun da jirgin ƙasan Abuja ya fara tsayawa a Rigasa a 2016 filayen wannan ɓangare suka yi tsada. Abin damuwar shi ne dillali yana riga mai tsara gari isa ƙauye.

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma idan gwamnati ta karɓi gona, diyyar da doka ta tanada ta shuka ce da gini da sauran gyaran da aka yi, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da ya san haka, da zarar ya ji ƙishin-ƙishin an fara awo a maƙwabta, sai ya yi maza ya sayar tun kafin a karɓe. A ganina wannan fargaba ta fi kwaɗayin kuɗi cinye gonakin ƙananan hukumomin Igabi da Chikun.

Asarar fadama ta fi ciwo. A nan masu noman rani ke fitar da alayyafo da tumatir da ake sauke wa kasuwannin gari da sassafe, kuma ita ce ke shanye ruwa idan Kogin Kaduna ya cika da damina. Wanda ya gina gida a cikinta ya raba manomi da sana'arsa, ya kuma jawo wa iyalinsa ambaliya. Haka ma burtali, idan katanga ta toshe shi shanu sai su ratsa gonar wani, kuma kowa ya san inda wannan ke kai mu.

Ya kamata hukumar tsara birane ta jihar (KASUPDA) da hukumar rajistar filaye (KADGIS) su zauna da hakimai da dagatai da arɗo-arɗo, a shata waɗannan wurare a taswira, a manna ta a sakatariyar ƙaramar hukuma inda kowa zai gani, a hana ba da izinin gini a cikinsu. Inda kuma ya zama dole a yanka gona, a ware wa mai ita kasonsa na fulotai da takardar mallaka da sunansa.