Mai zuba jari ba tallafi yake rabawa ba

'Yan'uwana matasa masu kafa ƙananan kamfanoni, akwai maganar da ta kama bakinmu: "Ina da dabara mai kyau, kuɗi ne kawai babu." Har wani in ka ce ya yi maka bayanin dabarar sai ya noƙe, wai kada a sace masa. Wannan hali yana cutar da mu sosai.

Mu fara rarrabe abu biyu. Dala 5,000 da Gidauniyar Tony Elumelu ke bayarwa tallafi ne, ba a neman kaso a kamfaninka. Shi kuwa mai zuba jari saye yake yi. Y Combinator, wata cibiya ta Amurka mai zuba jari a sababbin kamfanoni, tana ba da dala 125,000 ta karɓi kashi 7 cikin ɗari na kamfani, sannan ta ƙara dala 375,000 da za su koma hannun jari daga baya. Wanda zai sa irin wannan kuɗi a kamfanin da bai fara riba ba, dole ya bincika.

Abin da yake fara dubawa kai ne. Ka san matsalar da kake son warwarewa ciki da bai, ko a intanet ka karanto ta? Shola Akinlade da Ezra Olubi, da suka kafa Paystack a 2015, dukansu sun karanci kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Babcock, kuma da hannunsu suka gina manhajar da ta sauƙaƙa wa 'yan kasuwa karɓar kuɗi ta intanet. A 2016 suka shiga Y Combinator, a 2020 kamfanin Stripe na Amurka, mai harkar biyan kuɗi ta intanet, ya sayi Paystack a kan fiye da dala miliyan 200. Idan manhajarka ta manoma ce amma ba ka taɓa zama da manomi lokacin da yake neman taki ba, tambaya biyu za ta tona ka.

Sai ciniki, kuma a nan ne da yawanmu ke faɗuwa. Yabon abokai a Facebook ba ciniki ba ne. Mutum nawa suka ciro kuɗi suka biya ka? A cikinsu nawa suka dawo wata na biyu ba tare da ka roƙe su ba? Nawa kake kashewa kafin ka samu kwastoma ɗaya? Mutum talatin da ke biya duk wata sun fi dubu goma da suka sauke manhaja suka manta da ita. Za kuma a tambaye ka ko kasuwar za ta wuce unguwarku.

Don Allah ku gyara lissafi. Mai zuba jari zai nemi bayanan asusun banki, ya tarar kuɗin kwastoma da na cefanen gida da na katin waya duk a asusu ɗaya suke. Daga nan magana ta mutu, ko bai faɗa maka ba. Ka yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ka buɗe asusu da sunan kamfani. Idan ku biyu ne ko uku, ku zauna tun yanzu ku rubuta kason kowa a takarda, da abin da zai faru in ɗaya ya janye, kowa ya sa hannu a gaban lauya.