Mai son ƙirƙirar wasa ya fara da taɓa dokar dara

Matasanmu da yawa yanzu suna son su ƙirƙiri wasan waya, kuma abin yana faranta min rai ƙwarai. Amma 'yan uwa, wanda duk ya tambaye ni ta ina zai fara, ba na tura shi koyon rubuta manhaja tukuna. Ya je inda dattawa ke buga dara, ya zauna ya kalla har dokokinta su zauna masa, sannan ya canza doka ɗaya tak, ya ga abin da zai biyo baya.

Ku duba tsarinta. Gida 30 ne, layi 5, kowane layi gida 6. Kowa 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. In an gama sa 'ya'ya, gida 24 sun cika, saura 6 kacal. Waɗannan shidan su ne ran wasan, don a kansu ake kokawa. Ka ba kowa 10, fili zai yi yawa, toshe wa mutum hanya ya yi wuya, a yi ta ci ba wani dogon tunani. Ka ba kowa 14, gida 2 ne za su rage, wasa ya cushe, kowa ya rasa inda zai motsa. Nan take za ka gane ba da ka aka tsaya a kan 12 ba.

Haka dokar da ta hana jera uku lokacin da ake sa 'ya'ya. Cire ta, wanda ya fara sai ya yi ta kora, na biyu kuma ba shi da aiki sai toshewa, wasa ya karkata tun ba a motsa ɗa ko ɗaya ba.

Wurin da na fi so mai koyo ya daɗe a kai shi ne tarkon nan da gwanaye ke haɗawa da 'ya'ya biyar. Biyu a layin sama, biyu a layin da ke ƙasa da shi, na biyar yana kai da kawo a tsakani. Ya hau ya cika uku, a ci ɗa. Ya sauko ya cika uku, a sake ci. Wanda aka ɗana wa wannan, in bai da hanyar toshewa, sai dai ya zuba ido ana kwashe masa 'ya'ya. Sabon mai tsara wasa zai ce ai wannan aibi ne, bari ya kafa doka cewa ɗa ba ya komawa gidan da ya baro nan take. To ya gwada, ina goyon bayan ya gwada. Amma a ganina in aka cire tarkon an cire tsoron da ke sa mutum ya riƙe tsakuwa a hannu yana nazari kafin ya ajiye ta. Rabin wayon da ake yi a farkon wasa, na hana abokin karawa haɗa wannan tarkon ne.

Ludo ma akwai abin koyo. Daga Pachisi na Indiya ya samo asali, wanda ake jefa ƙwayoyin wuri, irin kuɗin da, aka sauƙaƙa shi aka yi masa rajista a Ingila a 1896. Dokar sai ka jefa shida kafin ka fito tana barin yaro a zaune yana kallo: a jifa uku, yiwuwar kada shida ta fito ko sau ɗaya 125 ce cikin 216, fiye da rabi ke nan. A bar kowa ya fara da ɗa ɗaya a waje, a ga yadda fuskokin yara za su canza.

Sai dai ba kowane gyara ne ke gyarawa ba. Monopoly, wasan saye da sayar da filaye, wanda tushensa wasan da Elizabeth Magie ta yi wa rajista a Amurka a 1904, mutane na kukan ba ya ƙarewa. Alhali a dokarsa ta rubuce, filin da mai wasa ya sauka a kai ya ƙi saye, gwanjonsa ake yi nan take. Gidaje da yawa sun yar da gwanjon, suka kuma ƙaro al'adar tara kuɗin haraji a tsakiya ana ba wanda ya yi sa'a. Kuɗin da ya kamata ya bar hannun 'yan wasa sai ya riƙa dawowa, ba mai karyewa da wuri, a kai dare ana zagaye.

Shi ya sa nake nanata doka ɗaya a lokaci guda. In ka canza uku tare, ba za ka san wacce ta yi aikin ba. Kuma kada ka gwada kai kaɗai. Samo mutum biyu da suka iya darar, ka yi musu bayanin sabuwar dokar, ka koma gefe da takarda da biro, kada ka sa musu baki. Rubuta minti nawa wasan ya ɗauka, wanda ya fara ne ya ci ko na biyu, da kuma daidai lokacin da wanda ake ci ya fid da rai ya fara duba wayarsa.