Zuwa da kai ya fi aike: ga magidantan da ke gudun taron makaranta

Ranar Asabar da ta wuce na je taron iyaye da malamai a firamaren da yarana biyu suke karatu, nan cikin garin Sakkwato, kuma har yanzu raina bai huce ba. Ƙarfe goma aka rubuta a takardar gayyata. Malamai sun sa an share ajin da ya fi girma, an jera benci, an kawo ruwan leda cikin bokiti saboda zafin nan namu. Goma ta yi, sha ɗaya ta gota. Makarantar da in an tashi yara ko babur ba ya ratsa ƙofarta don cunkoso, amma mu iyaye maza ba mu cika benci uku ba. Sauran kakanni ne mata, sai wasu 'yan aji shida da aka aiko da kuɗi ƙulle a leda.

Wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, uban ɗiyan ya ce in zo in ji nawa ne." Hedimasta ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Inna, ba kuɗi muka kira ba yau. Rufin aji uku ne iska ta yaye tun damina, kuma manyan yara sun fara haura katanga bayan tara." Ta ce to, za ta faɗa masa. Na san ba za ta iya kai saƙon yadda aka faɗe shi ba, kuma ba laifinta ba ne.

'Yan uwana magidanta, musamman ku matasa masu yara 'yan firamare, da ku nake. Yaushe muka mayar da taron PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, wurin da ake aika kaka ko yaro? Ɗaurin aure in an ce ƙarfe biyu a Mabera ko Runjin Sambo, tun ɗaya da rabi mun sha shadda mun tsaya. Ƙwallon Ingila ba ya wuce mu, gidan kallo cike yake har waje. Majalisar shayi muna kai wa sha biyun dare. Amma awa biyu, sau ɗaya a zango, don a zauna kan yaron da ke ɗauke da sunanka, sai ka ce kasuwa ta riƙe ka. Wace kasuwa ce ba ta riƙe ka ranar walima?

Da yawa ma ba su san cewa zaman nan na benci uku tushen wani abu ne babba ba. Ƙungiyar kowace makaranta tana ƙarƙashin reshen jiha, rassan jihohi kuma su ne suka haɗu suka zama uwar ƙungiya ta ƙasa, NAPTAN. Ita ce ke buɗe baki da sunan iyayen Najeriya idan an ƙara kuɗin jarrabawa, ita ta riƙa roƙon gwamnati da malaman jami'a a yajin aikin wata takwas na 2022, ita ce ke kukan a tsare makarantu tun da aka kwashe yara a Ƙanƙara a Disambar 2020, aka sake a Jangebe da Birnin Yawuri a 2021. To da wane ƙarfi wanda ke Abuja zai yi magana da yawunka, alhali kai ko sunan malamin ajin ɗanka ba ka sani ba? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar nan daga ƙasa ake ɗaga ta.

Na san abin da za ku ce: 'yan kwamiti suna cin kuɗi, kullum a kawo, ba a ganin aiki. Akwai masu yin haka, Allah ya shirye su, kuma ba zan kare su ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A taron nan ne ake zaɓen shugaba daga cikin iyaye, a zaɓi ma'aji, a amince da abin da kowa zai bayar, a karanto abin da ya shigo da abin da aka kashe wajen gyaran famfo, sayen alli, ko biyan malamin wucin gadi da aka ɗauko don lissafi. Ranar da aka yi zaɓen kana ina? Ranar da aka karanta lissafin kana ina? Ka bar ɗaki a buɗe, ka koma majalisa kana zagin wanda ya shiga.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, wannan uban da ba ya zuwa taro ya san hanyar makaranta sarai. Bari malami ya tsawata wa ɗansa ko ya karɓe wayar da shi uban ya saya wa yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, sai ga shi da babur ko mota, yana ɗaga murya gaban ɗalibai, yana cewa malamin nawa ne albashinsa. Shi ne kuma in jarrabawar fita sakandare ta zo yake neman makarantar da za a biya a rubuta wa yaro amsa a allo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi kuwa sai ya bushe yake zuwa da gatari. Ba a fafe gora ranar tafiya, jama'a.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne, ta kuma ɗora wa uba alhakin kai ɗansa da tabbatar da ya gama. Mu "kyauta" kawai muka ji, sai muka naɗe hannu. A ƙarshen 2015 gwamnatin jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, har Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya jagoranci kwamitin tuntuɓa. Sarki ya samu lokacin zama kan karatun ɗiyanmu, mu masu ɗiyan ba mu samu ba.

Kuma a Sakkwato fa ake wannan. Garin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kakkausan faɗa ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, garin da Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jajis ƙauye-ƙauye su karantar da mata. Sardauna malamin makaranta ne kafin siyasa, Shehu Shagari ma haka. Ni da idona na ga zamanin da mahaifina zai rufe rumfarsa ya kama hannuna har ƙofar aji, ya cire takalmi ya gaida malami, ya tambaye shi halina kafin ya tambayi makina. In aka kira taro har mai unguwa da liman suna gaba, ba mai tashi sai an shafa fatiha. A lokacin ɗa na kowa ne, maƙwabci zai gan ka a hanya da lokacin karatu ya mayar da kai da kunne, ubanka ya je ya yi masa godiya. Yau maƙwabci tsoron magana yake yi, malami tsoron uba yake yi, uba kuma bai san an fara haura katanga ba.

Mu gyara, don Allah. Ku je, ko ba za ku ce komai ba, ku zauna yaranku su ga kun zo.

Da aka tashi, na bi ta bayan ofishin hedimasta don in ɗauki babur ɗina. Bencin 'yan aji uku suna nan jere ƙarƙashin dogon yaro, allonsu jingine da kututture, an danne shi da dutse don kada iska ta kayar. Kwanon rufin nasu kuwa yana naɗe a gefen katanga tun watan takwas.